Manyan Gidajen Lauyoyi na Duniya da Darasin da Ke Cikinsu ga Ɗan Kasuwa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a Legas

 Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta ciniki ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban taro, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, malamanmu masu daraja, iyayenmu maza da mata, shugabannin kasuwanni da suka taso daga Agege da Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba, samari da 'yan makaranta, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Bayan haka, kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan manyan gidajen lauyoyi na duniya, wato kamfanonin da ke da lauyoyi dubbai da ofisoshi a ƙasa da ƙasa. Wataƙila wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Mu masu sayar da shanu da goro da albasa da atamfa da kayan gyaran mota, me ya haɗa mu da lauyan Landan? To, jama'a, abin da ya haɗa mu shi ne takarda. A yau da yawa daga cikinmu suna sayo kaya daga ƙasar Sin da Dubai da Indiya, wasu kuma suna fitar da riɗi da citta da zoɓorodo ta tashar jiragen ruwa ta Apapa. Duk kwantenar da ta shigo ko ta fita, akwai takardun da ke tafe da ita, na banki da na jirgi da na inshora da na wanda ya sayar. Asalin kalmomin da ke cikin waɗannan takardu, irin waɗannan lauyoyi ne suka tsara su. Ke nan ko ba mu taɓa taka ofishinsu ba, rubutunsu yana cikin aljihunmu, kuma mun sa masa hannu.

ABIN DA MUKA GADA

Kafin mu tafi nesa, bari mu tuna da tsarin da iyayenmu suka zauna a kansa a nan Kurmi. Idan bafatake ya taso daga Arewa da shanu, ba ya shiga kasuwa kai-tsaye. Gidan fatoma yake sauka. Mai gida ne zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya san wane mahauci ne ke biyan bashi wane ne ba ya biya. Idan aka ba da shanu bashi, mai gida ne ke tsayawa. Idan rigima ta taso, shi ke shiga tsakani, in ta gagara a kai gaban Sarki. Ladansa la'ada, jarinsa kuwa sunansa. Ran da aka ce mai gida wane ya ci amanar baƙo, to gidan nan ya mutu ko da gininsa na tsaye.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin aikin manyan lauyoyin nan. Kamfanin Amurka da ke son shiga kasuwar Kenya ko ta Nijeriya baƙo ne, bai san dokar gari ba, bai san wa zai amince da shi ba. Yana bukatar gidan da zai sauka. Abin da gidan lauyoyi na duniya ke sayar masa ke nan: duk garin da ka nufa, muna da mutum a can da ya san hanya.

TARIHIN GIDAN DENTONS

Mun zaɓi gida ɗaya don ya zama mana misali, shi ne wanda ake kira Dentons, saboda yana da ofis a nan Legas. Sunan tsoho ne, amma gidan a yadda yake yau yaro ne, domin a shekarar 1913 ko 1950 babu shi. A shekarar 2013 aka kafa shi, ta hanyar haɗa gidaje uku.

Ga yadda abin ya faro. A Landan akwai tsofaffin gidajen lauyoyi biyu, Denton Hall da Wilde Sapte, waɗanda suka haɗe a shekarar 2000. A birnin Shikago na Amurka kuma akwai wani gida mai suna Sonnenschein, wanda aka kafa tun 1906. A shekarar 2010 na Landan da na Shikago suka haɗu, aka kira su SNR Denton. Bayan shekara uku, a 2013, sai suka jawo wani gida na ƙasar Kanada mai suna Fraser Milner Casgrain, da wani na birnin Faris mai suna Salans wanda aka kafa a 1978. Daga nan ne aka taƙaita suna ya koma Dentons. Mutum biyu ne suka ja ragamar wannan haɗe-haɗe: Joe Andrew, wanda ya taɓa shugabantar jam'iyyar Democrat ta Amurka daga 1999 zuwa 2001, da abokin aikinsa Elliott Portnoy.

A shekarar 2015 suka yi babban kamu. Suka haɗu da gidan Dacheng na ƙasar Sin, wanda aka kafa a birnin Beijin a 1992. Da wannan haɗuwa yawan lauyoyinsu ya haura 6,000, suka zama gidan da ya fi kowane yawan lauyoyi a duniya. Suka ci gaba da shiga ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, har ƙasashen suka haura 80, lauyoyi kuma suka haura 12,000.

Sai dai Hausawa na cewa kowa ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar da bai shirya ba, kuma girma yana da nasa nauyi. A shekarar 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, sai da suka rabu da ofisoshinsu na Rasha. A shekarar 2023 kuma suka rabu da Dacheng, suka ce sababbin dokokin ƙasar Sin a kan tsare bayanai da sirrin ƙasa sun sa zaman tare ba zai yiwu ba. Dubban lauyoyi suka fita a lokaci guda. Kun ga ke nan, har gidan da sana'arsa ita ce sanin doka, doka tana iya raba shi da ɗan'uwansa.

SUNA ƊAYA, ALJIHU DABAN-DABAN

Akwai abin da ya kamata mu lura da shi game da ginin wannan gida. An yi masa rajista ne a ƙarƙashin wata dokar ƙungiyoyi ta ƙasar Suwizalan. A wannan tsari, kowane reshe yana cin gashin kansa. Na Amurka da asusunsa, na Kanada da nasa, na Ingila da nasa, ba a zuba riba a tukunya ɗaya. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne suna da tambari da ƙa'idar aiki, da kuma tura wa juna masu hulɗa. Wasu manyan gidaje kamar Baker McKenzie da DLA Piper su ma sun bi irin wannan tsari.

In muka duba, kusan haka ƙungiyarmu take. Sunanmu ɗaya, katinmu ɗaya, amma kowa da shagonsa da jarinsa. Amfanin tsarin shi ne saurin yaɗuwa, domin ba sai an zauna rabon kuɗi ba kafin a shiga sabuwar ƙasa. Illarsa kuwa za mu zo gare ta nan gaba kaɗan.

Ta wannan ƙofa suka shigo Nijeriya. Dokar ƙasarmu ba ta yarda wani ya yi aikin lauya a nan ba sai wanda ya bi ta Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1962, aka rantsar da shi, aka sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Don haka Bature ba zai ɗauko jakarsa daga Landan ya buɗe ofis a Ikoyi ba. Abin da Dentons suka yi a shekarar 2021 shi ne suka haɗu da wani gidan lauyoyi na nan Legas mai suna Adepetun Caxton-Martins Agbor & Segun, aka koma kiransa Dentons ACAS-Law. Lauyoyin 'yan ƙasa ne, sunan ne ya zo daga waje. Haka DLA Piper suka yi da gidan Olajide Oyewole.

MENE NE AIKINSU?

Mu da mun ji an ce lauya, abin da ke zuwa mana a rai shi ne mai baƙar riga da farar hula yana jayayya gaban alƙali. Mafi yawan lauyoyin waɗannan gidaje ba su cika zuwa kotu ba. A ofis suke wuni suna rubutu. Idan wani kamfani zai sayi wani, su ke bincika bashin da ke kansa da ƙararrakin da ke jiransa. Idan gwamnati za ta ciwo bashi a kasuwar duniya, ko za a gina tashar lantarki ko layin dogo, su ke rubuta wa zai biya, yaushe, da abin da zai faru in an saɓa. Suna aikin haraji, da rajistar tambarin kaya don kada a kwaikwaya, da dokokin ma'aikata, da na jiragen ruwa. Gyaran rigima tun ba ta taso ba shi ne babban cinikinsu, wato rigakafi ya fi magani.

Kuɗinsu kuwa da awa suke caji, kuma da yawansu suna raba awa gida goma, kowane minti shida a rubuce. Babban lauya a birnin Niyok yana karɓar sama da dala 1,000 a awa guda. Amma yawan jama'a daban, yawan kuɗi daban. Gidan Kirkland & Ellis na Shikago bai kai Dentons yawan ƙasashe ba ko kusa, amma a shekarar 2023 ya samu sama da dala biliyan 7, ya fi kowane gida a duniya. Mu 'yan kasuwa mun san wannan: ba mai yawan shaguna ne ya fi riba ba a kullum.

SHARI'A TA FARKO: WAKILI ƊAYA, ABOKAN GABA BIYU

Yanzu ga illar da muka ambata. Akwai wani ƙaramin kamfani a jihar Ohayo ta Amurka mai suna RevoLaze, wanda ya ƙirƙiro hanyar koɗar da launin wandon jins da na'ura. Ya ɗauki reshen Dentons na Amurka ya shigar masa da ƙara a kan wasu manyan kamfanonin tufafi, cikinsu har da Gap, yana zargin sun yi amfani da fasaharsa ba izini. Sai Gap ya tashi ya ce, ai reshen Dentons na Kanada lauyoyina ne, yaya gidan da ke riƙe da sirrina zai tsaya wa mai ƙarata? Dentons suka amsa da cewa reshen Amurka daban, na Kanada daban. A shekarar 2015 alƙali ya ƙi karɓar wannan hujja, domin su da kansu suna tallar cewa gida ɗaya ne, ya cire su daga shari'ar. RevoLaze ya juyo ya yi ƙarar lauyoyin nasa. A shekarar 2020 kotu a Ohayo ta ce Dentons su biya shi dala miliyan 32, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2022.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya san babin wakalci, ya san wakili amintacce ne a kan maslahar wanda ya wakilta shi. A kara ma, dillalin da ya karɓi la'ada a ɓoye daga mai saye alhali shi ne wakilin mai sayarwa, kowa ya san sunansa. Darasin shi ne, kafin mu ba lauya takardunmu, babba ne ko ƙarami, mu tambaye shi ƙarara: kai ko wani a ofishinka yana yi wa abokin rigimata aiki?

SHARI'A TA BIYU: TAKARDAR DA TA KUSA CINYE ƘASA

Ta biyun ta shafe mu duka. A watan Janairu na 2010 Ma'aikatar Man Fetur ta Tarayya ta sa hannu a yarjejeniyar shekara 20 da wani kamfani mai suna P&ID, wanda wasu mutum biyu 'yan ƙasar Ailan suka kafa. Gwamnati za ta ba da iskar gas, kamfanin zai gina masana'antar tace ta a Kalaba. Ba a ba da gas ba, ba a kuma aza ko tubali ɗaya ba. A cikin takardar akwai sharaɗin cewa in an samu saɓani, za a kai gaban masu sasantawa, abin da malamai ke kira tahkimi, wato mutanen da ɓangarori biyu suka yarda su yanke musu hukunci a wajen kotu. A Landan aka yi zaman. A shekarar 2017 suka yanke cewa Nijeriya ta biya dala biliyan 6.6, da kuɗin ruwa kashi 7 cikin ɗari. Zuwa 2023 kuɗin sun haura dala biliyan 11, kusan sulusin abin da ƙasa ke da shi a asusun ajiyarta na waje.

Nijeriya ta ɗauki wani gidan lauyoyi na Landan mai suna Mishcon de Reya. Suka bi sawun kuɗi banki-banki, ƙasa-ƙasa. A watan Oktoba na 2023 Mai Shari'a Robin Knowles na Babbar Kotun Landan ya yanke cewa da zamba aka samu wancan hukunci: an ba wata jami'ar ma'aikata cin hanci, an ɓoye wa masu sasantawa, kuma takardun sirri na lauyoyin Nijeriya sun faɗa hannun abokin gaba. Aka soke bashin. Alhamdu lillahi. Amma kuɗin lauyoyi kaɗai a wannan shari'a ya haura fam miliyan 40. Da an sa ƙwararru sun tsefe takardar nan tun a 2010, da abin da za a kashe bai kai ko ushirin haka ba.

Jama'a, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Idan ƙasa mai ministoci da lauyoyin gwamnati ta kusa tafiya a kan 'yan layuka, ina ga ɗan kasuwa mai kwantena biyu, wanda a cikinsu akwai kuɗin marayu da na abokan tarayya?

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba muna cewa kowa ya tafi Ikoyi neman lauya mai caji da dala ba. Wannan ba awonmu ba ne. Amma akwai abin da za mu iya.

Na farko, mu rubuta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abin mamaki ne a ce waɗanda ba su karanta ta ba sun gina sana'ar biliyoyi a kan rubutu, mu kuwa muna jin kunyar cewa ɗan'uwa ya sa hannu. Rubutu ba ya rage amana, tsare ta yake yi, musamman ranar da ɗayanmu ya kwanta dama magada suka zo.

Na biyu, kada mu tura kafin alƙalami ƙasar waje sai mun san abu uku da ke cikin takarda: dokar wace ƙasa za a bi, a wane gari za a zauna in an saɓa, kuma a wane wuri kaya ke fita daga wuyan mai sayarwa su dawo wuyanmu. Waɗannan layuka a ƙarshen takarda suke, da ƙananan baƙaƙe. Idan an rubuta Beijin ko Landan, to can za ka. Kuma akwai yarjejeniyar Niyok ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga, Nijeriya ta shiga a 1970. A ƙarƙashinta, hukuncin da masu sasantawa suka yanke a can ana iya kawo shi kotun nan a zartar a kan dukiyarka. Haka kai ma in ka yi nasara a nan, kana iya bin haƙƙinka can.

Na uku, mu yi wa kasuwancinmu rajista. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani. Wannan yana raba dukiyar shago da ta gida, kuma banki da baƙon abokin ciniki sun fi sakin jiki da mai rajista.

Na huɗu, mu san cewa sulhu yana da gurbi a doka. Tun 2002 jihar Legas take da zauren sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotu, kuma a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar tahkimi da sasanci ta ƙasa. Sulhun da Sarki da dattawa ke yi mana abu ne mai kyau, a ci gaba da shi. Abin da muke roƙo shi ne a riƙa rubuta abin da aka daddale, kowa ya sa hannu, shaidu su sa.

Na biyar, muna ba shugabanni shawara ƙungiya ta ɗauki lauya guda wanda ya san dokar ciniki da ta tashar jiragen ruwa, a riƙa biyansa daga asusu, ya riƙa zama da mu ko sau ɗaya a wata yana duba takardun 'yan'uwa. Abin da ya gagari mutum ɗaya ba zai gagari mutum ɗari ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na ƙarshe, 'ya'yanmu. Yaron da ya tashi a Agege yana jin Hausa da Yarbanci da Turanci, ga Larabcin Islamiyya, ya kuma san ciniki tun yana goye. Irin wannan yaro gidajen nan suke nema ruwa a jallo, tun ma ba yanzu da Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a birnin Yamai a 2019 ba. Wanda Allah ya ba ɗa ko 'ya mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya bar shi ya karanta doka, ya kuma nuna masa cewa bayan shari'ar filaye da ta laifuka akwai dokar ciniki da ta banki da ta jiragen ruwa. Muna so wata rana idan an zauna rubuta takardar riɗi ko ta fata, a samu namu a bakin teburin, wanda ya san wahalar da aka sha kafin buhu ya iso Apapa.

Iyayenmu sun zo garin nan da sanda da buta, suka kafa suna da gaskiya har aka ba su amanar dukiya ba tare da takarda ba. Wannan gado ne, kada mu yar. Amma kasuwarmu ta yau ta haye teku, ta kai inda ba a san kakan kowa ba. Mu riƙe gaskiyar, mu ƙara da alƙalami.

 Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare mu daga sharrin bashi da na shari'a, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.